Ciwon Tafarnuwa a Wani Ƙauyen Kwarin Rima

Wanda ya baro Sakkwato ya bi ta Achida ya gangara ƙasar Wurno a watan Janairu zai tarar tudu ya bushe ƙamas, hazo ya rufe sama, amma fadama ta yi kore shar. Wani koren na albasa ne, wani na alkama. Wanda ganyensa ke da faɗi, ba shi da rami a ciki irin na albasa, shi ne na tafarnuwa. Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi har aka yi masa makwanci a 1837, ta daɗe da yin suna wajen noman tafarnuwa, ita da ƙauyukan da ke jere a gefen Gulbin Rima har zuwa Goronyo. Ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka ne zancenmu ya shafa.

A wannan ƙauye tafarnuwa ce kuɗin shekara. Gero da dawa na rumbu ne, shinkafar damina ta ci ce da ɗan abin kashewa, amma auren ɗiya, da rufin kwano, da sabon babur, da kujerar Makka ga wanda Allah ya kira, duk da buhun tafarnuwa ake lissafa su. Albasa ma tana kawo kuɗi, sai dai ba ta da haƙurin ajiya. Tafarnuwa kuwa in ta bushe da kyau takan yi watanni a ɗaki tana jiran kasuwa ta tashi. Shi ya sa idan ciwo ya faɗa mata, zancen ba ya tsayawa a gona. A ƙofar masallaci bayan magariba da teburin mai shayi da sassafe, tambayar ɗaya ce: garkar wa ta kama, ta wa ta tsira.

Aikin yakan fara ne a tsakar gida, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin ɓarar iri. Mata da 'yanmata su baje tabarma, a zube tafarnuwar bara, kowa na ɓalle ƙwaya ɗaya-ɗaya tana jefawa a ƙwarya. Mai wucewa zai ɗauka hira ake yi da ɗan aikin hannu. A ganina kuwa babu wani aiki a duk noman da ya kai wannan nauyi. Tafarnuwar da muke nomawa ba ta ba da iri ta hanyar fure yadda albasa ke yi. Jikinta ake ɓallewa a sake binnewa. Saboda haka duk abin da uwar ke ɗauke da shi, lafiya ko cuta, da shi ƙwayar za ta shiga ƙasa. Tsohuwar da ta san aikin takan matsa kowace ƙwaya da yatsa, ta ware mai taushi, da mai tabo a gindi, da wadda ta yi shafal ba nauyi, da wadda baƙin gari ko koriyar fumfuna ta shiga ƙarƙashin ɓawonta. Ƙananan ƙwayoyin tsakiya kuma madafa take tura su, don ƙaramar ƙwaya ƙaramin kai take haifarwa. Za ka ji tana kwaɓar jikanyarta: "Ke 'yar nan, wagga ba ta shiga ƙasa, kai ta ga miya." Ba ta kuma yarda a ɓare iri a bar shi ya kwana da yawa kafin shuka, domin wurin da aka ɓalle ƙwayar rauni ne, kuma ta nan fumfuna ke shiga. A gidan da ake sauri, ko aka ba yara aikin a kan ladan mudu, komai cikin ƙwarya yake faɗawa.

A fadama ana ja fangali, a dasa ƙwaya tsininta na kallon sama, da tazarar kimanin santimita 10 tsakanin wannan da waccan. Tafarnuwa tana son ta yi ganye a cikin sanyin hunturu, sannan ta ɗaura kai idan rana ta fara zafi, kuma takan ɗauki wata huɗu zuwa biyar. Wanda ya makara har ƙarshen Disamba, zafin Maris zai riski tafarnuwarsa ba ta gama ƙosawa ba. Sai kuma ban ruwa, wanda ya zama abin lissafi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Mai injin da a da yake ba da ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, yanzu yakan jinkirta, ranar da ya tayar da inji kuma ya cika fangali fal don ruwan ya daɗe. Saiwar tafarnuwa ba ta nisa a ƙasa. Ƙishi yana wahalar da ita, kwanciyar ruwa kuma tana shaƙe ta, kuma saiwar da ta wahala ita ce cuta ke fara samu.

Wajen tsakiyar Janairu ne ganye kan fara yin rawaya a wasu garake, kuma nan ne ake gane manomi. Rawayar ganye ba ciwo ɗaya ba ce. Tana iya zama yunwar taki, ko ƙishi, ko yawan ruwa, ko ƙwari, ko ruɓar gindi, ko kuma, in lokaci ya ja, alamar nuna ce kawai. Matashi mai gaggawa yana ganin rawaya sai ya hau babur ya nufi mai maganin feshi. Dattijon da ya ga shekaru yakan tsaya a bakin fangali ya duba yadda rawayar ta kwanta. In duk fangalin ne ya yi fari-fari baki ɗaya, kuma daga tsofaffin ganyen ƙasa abin ya faro, sau da yawa yunwa ce, ɗan yuriya da ruwa za su dawo da ita. In kuwa tsibi-tsibi ne, nan ya kama can lafiya lau, ko abin ya bi hanyar da ruwa ke bi, to akwai abin da ke cikin ƙasa. Daga nan sai ya ce da yaronsa: "Tuge guda ka gani."

Wannan tugewar ita ce mafi yawan mutane ba sa son yi, don suna ganin asarar kai ɗaya ce. Amma rabin ciwon tafarnuwa a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma ganye ba ya faɗin sunansa. Lafiyayyen gindi yana riƙe ƙasa, sai an ja da ƙarfi, saiwarsa fara ce tas mai yawa. Mai ciwo da an taɓa shi sai ya biyo hannu. A duba faifan da saiwa ke fitowa daga gare shi, a yanka shi da wuƙa. In cikinsa ya yi ruwan ƙasa, saiwa ta ruɓe ta zube, ganyen kuma daga tsini ya faro bushewa yana gangarowa, wannan ita ce ruɓar gindi, wadda wata fumfunar ƙasa mai suna Fusariyum ke kawowa. Ƙasa mai ɗumi take so, shi ya sa ta fi cin wanda ya makara da shuka, kuma ta fi samun shiga inda fartanya ko tsutsa ta ji wa gindi rauni. Ba ta tsayawa a gona: kan da ya kamu kaɗan zai shiga buhu yana kama da lafiyayye, ya ci gaba da ruɓewa a ɗaki.

Akwai wadda ta fi ta muni, wato farar ruɓa. Ita sanyi take so, don haka tsakiyar hunturu ne lokacinta. In an tuge gindin za a ga farar fumfuna mai laushi ta lulluɓe shi, a cikinta kuma akwai wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo da ba su kai ƙwayar gero ba. Waɗannan ɗigon su ne masifar. Sukan zube a ƙasa su yi kwance shekara 20 ko fiye, ba sa motsi, sai ranar da suka ji sinadarin da saiwar albasa ko tafarnuwa ke fitarwa, sannan su farka. Ba sa kula alkama ko masara ko tumatir. Saboda haka mutum zai iya hutar da wuri shekara uku ya dawo da tafarnuwa ya tarar suna nan suna jira. Hanyar yaɗuwarsu kuma ita ce hanyar zaman tare na ƙauye: fartanyar aro, da lakar da ta manne a takalmi ko kofaton jaki, da ruwan da ya ratsa fangalin wani ya shiga na maƙwabci. Abin da ya dace shi ne a haƙe gindin da ya kamu tare da ƙasar da ke kewaye da shi, a zuba a buhu a fitar daga gona a ƙone, a wanke kayan aiki, a kuma toshe ruwan wannan fangali kada ya wuce gaba. Jefa shi a kan kunya ko cikin magudanar ruwa, kamar yadda ake yawan yi, raba cutar ne ga kowa.

Wani abu da ke taimakon wannan ƙauye, ko da ba kowa ya lura ba, shi ne shinkafar damina. Fadamar da ruwa ke kwanciya a kanta watanni tana rage ƙarfin irin waɗannan cututtuka na ƙasa, domin daɗewa a cikin ruwa na kashe da yawa daga cikinsu. Garaken da ke ɗan tudu, waɗanda ake cire albasa a sa tafarnuwa, a cire tafarnuwa a mayar da albasa, su ne suka fi tara ciwo. Albasa da tafarnuwa dangi ne, kusan duk cutar ɗaya tana kama ɗaya, don haka sauya wannan da waccan ba hutu ba ne ga ƙasa.

Ciwon sama kuma, wanda ido ke gani, shi ne tabon ganye. Yakan faro da ɗan farin ɗigo da ya lotsa, ya faɗaɗa ya zama tabo mai tsawo, tsakiyarsa launin shunayya mai duhu, da zobe-zobe a ciki da rawaya a gefe. In tabon ya zagaye ganyen sai ya karye daga nan ya bushe. Manoma sukan danganta shi da raɓa, kuma sun yi gaskiya, don fumfunar da ke kawo shi ba ta iya shiga ganye sai ya daɗe a jiƙe. Fadama kusa da gulbi takan tashi da raɓa ko a cikin rani, kuma shukar da aka cusa ta yi cunkus ba ta bushewa da wuri. Abin da ba a cika haɗawa da shi ba shi ne wasu ƙananan ƙwari sirara, da ƙyar ido ke kama su, masu ɓuya a matsatsin da ganye ke fitowa. Suna kankare fatar ganye su tsotse ruwansa, su bar shi da zane-zane fari mai ƙyalli. Busasshen yanayi ne ke hayayyafa su, kuma raunin da suka bari ƙofa ce ga tabon ganye. Wanda ya buɗe wuyan shukar da yatsu biyu zai gan su suna gudu. Lalacewar ganye ba ƙaramin abu ba ce, domin ganye ne ke ciyar da kai, kuma kowane ganye gindinsa ne ke zama ɓawo ɗaya da ke rufe dunƙulen. Tafarnuwar da ta rasa ganye da wuri takan fito ƙarama, ba ta da sutura, ba ta kuma jure ajiya. Wani lokaci kuma akan ga ƙuraje ƙanana masu ruwan lemo da ke barin gari a yatsa, wato tsatsa, ita ma cunkoso da yawan yuriya ke ƙarfafa ta.

Ranar kasuwa mai maganin feshi yakan baje kwalabe da ƙunshin gari a kan tebur, manoma su kewaye shi, wani da ganye a hannu, wani da baki kawai. Ba na zarginsa da mugunta. Ɗan kasuwa ne, kuma sau da yawa shi kaɗai ne mai ba da amsa, tun da malamin gona dama can ba ya yawan leƙowa, rashin tsaron da ya addabi gabashin jihar Sakkwato kuma ya ƙara nisanta shi. Amma abin da ke faruwa a teburin nan yana damuna. Mai ruɓar gindi da mai ƙwari da mai yunwar taki duk sukan tashi da kwalba iri ɗaya. Maganin ƙwari ba ya kashe fumfuna, maganin fumfuna ba ya kashe ƙwari, kuma babu feshin ganye da zai tayar da gindin da ya riga ya ruɓe. Garin mankozeb, wanda aka fi saye saboda tabon ganye, kariya yake yi wa ganyen da bai kamu ba, don haka amfaninsa yana ga wanda ya fara da wuri, da ganin ɗigon farko, ya kuma maimaita bisa ƙa'idar da ke jikin ƙunshin. Su kuma ƙwarin nan, in aka dage musu da magani iri ɗaya shekara da shekaru, sukan saba da shi, manomi ya yi ta ƙara awo yana ƙona kuɗi. Ga yaran da ake ba famfon feshi su goya, ba takalmi, ba abin rufe hanci, suna gauraya magani da hannu a bakin rijiyar da ake sha. Wannan ya fi asarar tafarnuwa tsanani, kuma iyaye ne za su hana shi.

Akwai ciwon da ba shi da magani ko kaɗan. Za ka ga shuka ta tsugune ba ta girma, ganyenta da zane-zanen rawaya a tsaye, wani ya murɗe. Ƙwayar cutar bairos ce, darɓa ke ɗaukar ta daga wannan shuka zuwa waccan, sannan ta zauna a cikin ƙwaya ta bi iri zuwa baɗi. Ba ta cika kashe shukar ba, rage ta take yi a hankali, shi ya sa za ka ji dattawa na cewa irin gidansu ya gaji, kawunan da suke samu yanzu ba su kai na zamanin iyayensu ba. A wasu ƙasashe ana tsarkake iri a ɗakin bincike, a yanko ɗan tsinin toho da cutar ba ta kai gare shi ba a raine shi, sannan a yawaita a raba wa manoma. Wannan aiki ne da ya dace cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa mai reshe a Bagauda da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su sa a gaba, don manomi ba zai iya yi da kansa ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya shiga gona tun ganye na kore, ya sa alama a fangalin da ya fi lafiya ya ce wannan na iri ne, ya tuge duk mai zane a cikinsa. Zaɓen iri a cikin buhu bayan girbi ba ya nuna wannan ciwo. Wasu kuma, da suka ga manyan fararen kawunan da ake shigowa da su daga Sin, ƙasar da ke noma fiye da rabin tafarnuwar duniya, sukan saya su shuka. Irin wannan tafarnuwa an saba da ita ne a ƙasa mai tsananin sanyi da doguwar rana, a nan sau da yawa ganye take yi ta ƙi ɗaura kai, kuma ba wanda ya san abin da ta ɗauko daga inda ta fito.

A cikin gidaje ma ana noman, ko da ba a lissafa shi. Bayan ɗaki, kusa da inda ake wanke-wanke, mace takan ja ɗan fangali, ko ta cika tsohon baho ko buhu da ƙasa ta dasa ƙwaya kaɗan don miya da maganin mura. Ciwon waɗannan kusan kullum ruwa ne: baho ba huji a gindi, ruwan wanke-wanke na kwarara a kai safe da yamma. Sai kuma ƙasar da ba a sauyawa. Amma mai ɗan wuri tana da dabarar da mai babbar garka ba zai iya ba. Tana iya zubar da ƙasar baho ta sa sabuwa. Tana kuma iya jiƙa fangalin a watan Afrilu, ta rufe shi ruf da farar leda mai nuna ciki, ta danne gefe da ƙasa, ta bar shi mako 4 zuwa 6. Ranar Sakkwato da ke haura digiri 40 a wannan lokaci za ta dafa saman ƙasar, ta kashe da yawa daga abin da ke ɓoye a ciki.

Idan Maris ya kama, ganye ya fara kwanciya, akan ɗauke ruwa kimanin mako biyu kafin cira. Mai kwaɗayin nauyi da ya ci gaba da ban ruwa har ranar ƙarshe, shi ne zai kai jiƙaƙƙen kai ɗaki. Lokacin cira ƙauyen kan cika da 'yan ƙwadago, warin tafarnuwa ya kama tufafi da tabarmi, jakuna da amalanke na ta jigila. Ana so a haƙo ta a hankali, don kan da fartanya ta sara ko aka wurga ya bugu ba ya kai damina. Shanya ma tana da ƙa'ida. Zafin rana kai tsaye yana dafa ƙwayar, ta yi rawaya ta yi laushi a cikin ɓawo, saboda haka masu lura sukan jera ta ganyen wannan ya rufe kan waccan, ko su ɗaure ta dami-dami su rataye a rumfa mai shan iska har wuyan ya bushe ƙarau, abin da kan ɗauki mako biyu zuwa uku. Sai wuya ya rufe ake yanke ganye.

Dillalai sukan iso tun ƙura ba ta kwanta ba, kuma mai bashin taki da mai dole ya sayar a lokacin da kaya suka yi yawa. Wanda ya iya riƙewa kuma sabon tsaro ya samu. Ɗakin kwano a watan Afrilu da Mayu, sannan laimar damina a bayansa, su ne abin da baƙar fumfuna ke so, wadda ke zama kamar garin gawayi tsakanin ɓawo da ɓawo. Buhun leda yana ƙara mata ƙarfi. Buhun algarara ko raga, a kan katako ba a kan daɓe ba, nesa da bango, shi ne ke barin iska ta ratsa. Maigidan da ya san darajar kayansa yakan zazzage buhu lokaci-lokaci, shi da iyalinsa su tsince masu taushi da masu wari.

Inda ake kai waɗannan ruɓaɓɓun shi ne abin da har yanzu ba a gyara ba a ƙauyen. Kan juji ake watsa su, tare da ɓawon da aka share bayan ɓarar iri da busasshen ganyen da aka yanke. Jujin nan kuwa shi ne takin gargajiyar da za a loda wa jaki a watan Oktoba a kai fadama, a baje a cikin fangalin da za a dasa sabuwar ƙwaya. Tarin shara da bai yi zafin ruɓewa sosai ba ba ya kashe baƙaƙen ɗigon farar ruɓa, ba ya kashe Fusariyum. Rami mai zurfi nesa da gona, ko wuta, shi ne wurinsu.